Abin da Garin Mudi Ya Fitar

Gashuwa, ƙarshen Rajab, 1953

Laraba, bayan la'asar

Na sake gani yau da safe a bayan gida. Ba zan rubuta ko mene ne ba. Na zuba ƙasa a kai na fito, na yi ta wanke hannu har matata Falmata ta ce ko gaba nake yi da sabulun.

Haka na Baba ya fara. Ina yaro lokacin, amma ban manta ba. Ya dawo daga kogi da gorarsa da homarsa ta kamun kifi, ya zaga ya daɗe, ya fito bai ce wa kowa komai ba. Damina ɗaya ya ƙara. Ciki ya zama tulu, ƙafafu suka tsotse, har ranar da aka ɗauke shi. Shekarunsa a lokacin ba su wuce nawa na yanzu ba. 'Yata Zinariya kuwa ko famfara ba ta fara ba.

Aiki dai an yi. Mutanen Kumagannam sun sauke ƙaro a sito, kuma kamar kullum sun cusa mini na itacen kukkuki a tsakiyar na itacen dakwara, wai ba zan gane ba. Ni Abbagana! Tun yaushe nake tantance wa kamfani ƙaro? Na dakwara ka sa shi a ruwa ya narke tas. Na kukkuki ko kwana ya yi ba ya narkewa, kumbura yake yi, ga warin tsami. Ido rufe nake tsince shi. Na tara shi a kusurwa, Bobboi direba ya kwashe, wai yana da mai saye a Nguru. Abin da za a yi da shi, oho.

Juma'a, hantsi

Babu yau. Alhamdu lillahi. Wataƙila barkono ne, hannun Falmata ya yi nauyi a miya kwanan nan.

Asabar, bayan asuba

Akwai.

Nguru, Talata, bayan azahar

Na rako ƙaro tashar jirgi a motar Bobboi. Tun a hanya na ƙudura zan biya asibiti, kuma na je har ƙofa. Na ga mutane a jere kan benci, wani dattijo ya tallabe cikinsa da hannu biyu, warin maganin nan nasu ya bugi hancina, sai kawai ƙafafuna suka juya. In na shiga za su faɗa mini sunansa. Muddin ba a faɗa ba, to, barkono ne.

A bakin tasha na tarar da cincirindo. Wani Mudi ne, siririn mutum mai haƙorin makka. Ya kunna garmaho har jama'a ta taru, sannan ya kashe ya haye kan akwati.

"Kai mai farar riga! Duk Juma'a kana ba da wanki, yaushe rabon hanjinka da wanki? Tuwon da ka ci tun kana goye yana nan manne, ya yi baƙi, ya zama igiya. Ciwon baya, basir, shawara, kasala, warin baki, mantuwa, gazawa wajen iyali, duk ɗakinsu ɗaya!"

Sai ya ɗaga kwalabe. Wallahi sai da na matsa kusa. Igiyoyi ne baƙaƙe a nannaɗe cikin ruwa, kowace kwalba da sunan wanda abin ya fito daga cikinsa. Garin maganin sunansa Wanke-Hanji, wai daga Ikko yake zuwa a jirgi.

Na jira aka watse. Na ce masa ina da aboki a Gashuwa da yake ganin kaza da kaza in ya zaga. Ya dube ni daga hula har takalmi.

"Malam, dattin ne ke gurzar hanjin abokin naka. Ranar da ya fita, ranar abin zai tsaya. Cokali guda a kofin ruwa, da safe. Amma ya shanye nan take, kada ya bari ya zauna, ƙarfinsa guduwa yake yi."

Na sayi gwangwani biyu. Da muka ɗauko hanya har waƙa na taya Bobboi, ya ce yau kuma wa ya mutu ya bar mini gado.

Gashuwa, Alhamis, hantsi

Jiya na sha. Ɗaci, da ƙasa-ƙasa a harshe. Kafin walaha ciki ya fara murɗa, na yi ta safa da marwa tsakanin ɗaki da bayan gida har azahar.

Yau da safe igiyar ta fito. Ikon Allah! Baƙa, mai santsi, ta kai tsawon hannuna. Na ɗaga ta da kara ina kallo, ƙwalla ta cika mini ido. Ashe abin da Baba ya tafi da shi kabari ke nan, babu wanda ya san a fitar masa.

Na ci tuwo malmala biyu. Na ɗora Zinariya a wuya muka zaga gida tana ja mini kunne.

Ɗaya abin yana nan. Amma an ce sai datti ya ƙare.

Lahadi, bayan asuba

Wata ta fito, ta fi ta farko.

Litinin, bayan magariba

Watan Sha'aban ya tsaya. Falmata ta ajiye mini tuwo, maimakon ta tashi sai ta zauna a bakin tabarma.

"Malam, wankin cikin Sha'aban ai sau ɗaya ake yi. A jiƙa filasko da tsamiya a sha, a kwana biyu ana kunu, shi ke nan, a jira azumi. Wannan naka na kullum wane iri ne?"

Na ce naku na tsofaffi sama-sama yake shara, wannan har ƙasan tukunya yake kankarewa.

"To, Allah ya ba da lafiya. Amma wuyanka ya fara yawo a cikin riga."

Na ce datti ne ya sauka, dama shi ke da nauyi. Ba ta ƙara magana ba. Falmata in ta yi shiru irin wannan, gara ta zage ni.

Nguru, Talata, la'asar

Na kai wa Mudi igiya ɗaya a kwalba. Ya ɗaga ta a rana ya yi kabbara, ya ce bai taɓa ganin irinta ba. Ya roƙi in bar masa, na bar masa. A gabana ya manna takarda: Malam Abbagana na Gashuwa. Batun aboki dai ba wanda ya sake tayarwa.

Na ce masa har yanzu abin bai tsaya ba, kamar ma ya ƙaru.

"Madalla! Yanzu aka kai ga tsohon datti, na yarinta. Shi da ƙyar yake sakin bango. Ka mai da shi cokali biyu, safe da yamma."

Na sake bi ta ƙofar asibiti. Ban tsaya ba. Hanya ce kawai ta bi ta nan.

Gashuwa, Asabar, azahar

Zafi. Ko kadangaru sun shige rami. Na sha randa guda ina jin ƙishi. Harshena kamar fatar da aka shanya.

Lahadi, bayan asuba

Ta fito. Gajeriya.

Da na tashi alwala tsokar ƙafata ta ɗaure, na kasa miƙewa, sai da na ciji gefen bargo don kada Zinariya ta farka. Zuciyata tana wani irin tsalle, ta buga biyu ta tsaya ta buga uku. Fitsari kaɗan ne, kuma ja kamar ruwan goro.

Mudi ya ce za a ji jiki. Ya faɗa tun farko. Ya faɗa ai.

Talata, hantsi

Jiya ban sha ba, don in gwada. Babu abin da ya fito, ko kaɗan. Ciki ya yi tam. Na yi ta taɓa shi ta cikin riga, ina auna shi da tafin hannu. Ya fi na shekaranjiya? Bai fi ba. Ya fi.

Ban iya jira ba, na sha kafin azahar.

Laraba, bayan la'asar

Yau na ji kunyar da ban taɓa ji ba. Akawun kamfani ya sa aka farke buhun da na riga na sa wa hannu, ya ciro kukkuki cikin tafi biyu ya ajiye a gabana. Sai ya ce, "Malam Abbagana, lafiya kuwa?" Matan da ke tsinta duk suka sunkuyar da kai. Ni da nake cika baki ido rufe! Idon a buɗe yake, amma buhun biyu-biyu nake gani.

Na ce masa zafi ne.

Juma'a, bayan la'asar

Na faɗi a masallaci. Ina ɗagowa daga ruku'u sai na ga sahu ya karkace, daga nan ban san komai ba sai a gindin darbejiya, ana yayyafa mini ruwa, wani yana mini fifita da hulata. Bobboi ne ya goyo ni har gida, ƙato da ni, a gaban yaran unguwa. Ya ce wa Falmata ko buhun ƙaiƙayi ya fi ni nauyi.

Ta dama kunun tsamiya ta sa ɗan gishiri, ta tsaya a kaina sai da na shanye ƙwarya guda. Na ji idona ya washe. Sannan ta ɗauke gwangwanin daga kan taga.

"Ko ka yi fushi, Malam, wannan abin ya bar gidan nan."

Na ce wa ya ba ta iko. Na ce abubuwan da ba zan rubuta ba. Zinariya ta ɓuya a bayan turmi.

Ba ta san akwai wani a sito ba.

Asabar, bayan asuba

Zinariya ta tambaye ni ko in mutum ya faɗi a masallaci aljanna zai tafi. Na ce wa ya gaya mata haka. Ta ce yara.

Lahadi, la'asar

Hadari ya haɗu a gabas ya watse. Bobboi ya ce in aka yi ruwa biyu masu ƙarfi hanyar Nguru ta rufe, mota ba ta sake bi sai kaka. Abin da ya fara zo mini a rai shi ne gwangwanina ya kusa ƙarewa. Wannan ne ya fara zo mini, ba komai ba.

Akwai yau ma. Da yawa.

Litinin, bayan la'asar

Dole in rubuta wannan.

Da safe na dama garin a sito, a kofin silba, bayan buhuna inda ba mai gani. Na kai baki ke nan sai hayaniya ta tashi a waje, masu raƙuma da ɗan awo za su ba hammata iska a kan sikeli. Na ajiye kofin na fita raba su. Daga nan wannan ya kira, wancan ya kira, ban tuna da shi ba sai da aka yi azahar.

Na tarar babu ruwa a kofin. Wani baƙin abu ne ya cika shi har baki, yana rawa. Na sa yatsa na ja. Ya biyo ni. Na ci gaba da ja yana biyowa, mai santsi, mai sheƙi, har ya kai tsawon hannuna.

Ita ce. Ita ce sak, wadda nake ɗagawa da kara kowace safiya. Ga ta ta fito, kuma ba ta taɓa shiga cikin kowa ba.

Na kai hanci. A da ɗaci ne ke rufe warin, ga shi ina haɗiyewa da sauri kamar yadda aka ce. Yanzu da ya zauna, warin tsamin ya taso ya buge ni. Inna lillahi. Na san warin nan fiye da warin ɗakina.

Na ɗebo kukkuki daga kusurwa na daka, na kankaro yumɓu daga tsohon tulu, na murje gawayi, na dama na ajiye. Kafin la'asar na ja. Ko uwarsu ɗaya sai haka. Filasko kawai ya rage a zuba don ya kora ta waje.

Talata, hantsi

Na tare Bobboi yana zuba wa mota ruwa. Na ce kukkukin nan da kake kwasa, wa kake kai wa?

"Wani mai garmaho a bakin tasha. Ya ce kwalliyar hula ake yi da shi. Lafiya? Ko a ƙara masa kuɗi?"

Na ce a'a. Na ce daga yau a ƙone shi.

Sharar sitona. Da hannuna na tsince, da hannuna na ɗura a buhu, ta je Nguru ta sa gwangwani ta dawo a matsayin baƙuwa daga Ikko. Kuma yanzu haka tana can a kwalba da sunana a jiki, ana ɗaga wa bayin Allah.

Na yi dariya a bayan sito har na kasa tsayuwa. Daga baya ba dariya ba ce.

Laraba, bayan asuba

Ya kamata in ji sanyi, an gano ƙarya. Ban ji ba. Ina jin tsoro fiye da ranar farko.

Duk makwannin nan ina da abin da nake jira kowace safiya. In ta fito, sai in ce saura kaɗan. Yanzu babu saura kaɗan. Abin da ya kai ni wurin Mudi yana nan inda yake, ban taɓa shi ba, ban rage shi ba, ƙarfina kawai na zubar a masai.

Alhamis, hantsi

Na san ƙaro ne. Na sani, ni na haɗa irinsa da hannuna. Amma da na buɗe sito yau ƙafata ta wuce kai tsaye bayan buhuna, har na cire murfin.

Na kai gwangwanin bakin kogi na juye. Na tsaya inda Baba yake ɗaure gorarsa. Ruwa ya ja baya sosai, yara suna wanka a tsakiya kamar yadda muka yi.

Alhamis, bayan la'asar

Jini.

Ga shi na rubuta. Jini ne nake gani, tun kafin Rajab. Takardar ba ta kama da wuta ba.

Juma'a, bayan azahar

An ce mako mai zuwa za a ga watan azumi. Falmata tana bakin turmi tana surfen gero, Zinariya ta tafi maƙwabta. Na ɗauko kujera 'yar tsugune na zauna kusa da ita, abin da ban saba ba. Na yi gyaran murya har sau nawa. Na fara da ƙaro, na ba ta labarin kofi da Bobboi da mai garmaho, don wannan ya fi sauƙin faɗi. Ba ta yi dariya ba, ba ta ce ai na gaya maka ba.

Sannan na ce, "Falmata, akwai abin da na ɓoye miki. Abin da ya sa na fara sha."

Ta ajiye taɓarya.

"Jinin?"

Na ɗago kai na dube ta, ta ci gaba.

"Malam, wa yake wanke maka wando?"

Ta ce tun kafin in je Nguru ta gani. Ta ce kullum tana jira in faɗa, kullum sai in shigo da fara'a ina ba ta labarin igiya. Ta ce da asuba take wankewa ta shanya a bayan ɗaki don kada in san ta sani in ji kunya. Tana faɗa tana share ido da bakin zane, muryarta ko rawa ba ta yi.

"Ni ma na san yadda mahaifinka Baba Modu ya tafi, duk garin nan an sani. Amma shi ba a kai shi ko'ina ba. Kai za a kai ka. Na yi wa Bobboi magana tun ranar da ya goyo ka, ya ce gaban mota namu ne duk ranar da ka shirya."

Na ce in suka faɗi sunan abin fa?

"Sai mu ji shi mu biyu."

Ta ɗauki taɓaryarta ta ci gaba. Na zauna a wurin har ta gama.

Nguru, Asabar, hantsi

An yi yayyafi a hanya, amma mun wuce. Ta bakin tasha muka bi, garmaho yana ta yi. Ina jin an kira sunana. Falmata ta riƙe hannun rigata ba ta saki ba sai da muka shiga ƙofa.

Muna kan benci. Zinariya ta yi barci a cinyata. Saura mutum ɗaya a gabana, kuma na ji abin da ma'aikacin yake tambayar kowa: me ke damunka?

Falmata ta ce in na kasa za ta faɗa. Na ce a'a, ni zan faɗa.